Kada a Buɗe Mashaya a Ƙasan Benenmu

Mai girma shugaban majalisar garin Zahle, mai unguwarmu Abu Fadi, Uba Mikha'il na cocinmu, dattawa, masu shaguna, maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ni ce Wadi'a, matar Tanyos kafinta, kuma da godiya zan fara, domin yabon gwani ya zama dole. A da, daga kasuwa zuwa gidanmu mashaya ce ke bin mashaya. Da kuka daina ba da sabon izini, wasu mashayun suka koma gidan burodi, wasu shagon aski. Faɗa ya ragu, haɗari ya ragu, yaranmu sun daina tsallake fasassun kwalabe a hanyar makaranta.

Na biyu, kada a ce na zo yaƙi da arak, giyar garinmu da ake yi da inabi. Da inabi mahaifina ya raine mu.

Na uku shi ne abin da ya tayar da ni. Kun san al'adarmu: mai mashaya na zaune bakin ƙofa, duk wanda ya gifta sai ya ce, "Shigo mana, ko kurɓi ɗaya!" Kun kuma san Tanyos da kunya. Likita ya ce hantarsa ta gaji, in ya koma sha sai dai haƙuri. Ya taɓa ce mini, "Wadi'a, ƙofar farko zan ce na ƙoshi, ta gaba in ce ina sauri. Ta gaba fa? Mutumin da ya ɗauki gawar babana zan ce wa a'a?" Na ce, "Sannu mai kunya! Barina gwauruwa ne ba ka jin kunyarsa?"

Yau ƙofofi sun ragu, Tanyos ya yi kumatu, yana dawowa gida da ƙafarsa. Wallahi ina cikin farin ciki.

Sai ga shi ana neman izinin mashaya a shagon da ke ƙasan benenmu, mai nema kuwa Ilyas ne, amininsa tun ƙuruciya. Sauran ƙofofi yana iya sauya hanya ya kauce musu, wannan kuwa ita ce hanyar gidansa. Ilyas, ina hangenka can baya. Buɗe gidan abinci, ni ce zan fara saye. Amma in kwalba ce, Tanyos ba zai iya ƙin kiranka ba. Ya ku 'yan majalisa, ku ƙi a madadinsa.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya tsare garinmu, ya bar mini mijina. Na gode.