Ranar da Na Amsa da Ingwayya

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rukayya, daga Aziziyya a nan Makka.

A nan aka haife ni, shi ya sa Hausata ta cakuɗe da Larabci. Alhazai kan yi mini dariya a shagon abaya da nake aiki, har na fara jin kunyar buɗe baki.

Rannan wata dattijuwa ta shigo da 'ya'yanta biyu, ta ce, "Sannu da aiki, 'yata."

Na rusuna na ce, "Ingwayya, Inna," kamar yadda kakata take amsawa a gida.

Babbar 'yar ta tuntsire da dariya. "Wannan kuma wane Larabci ne?"

Na ce, "Hausa ce, Yaya. Da ita kakanninmu suke amsa sannu."

Dattijuwar ta riƙe hannuna, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Tun rasuwar mahaifiyata ban sake jin ta ba. Ke 'yar Makka ce kika adana mana!"

Wallahi ranar na koma gida ina taƙama. Masu sauraro, a garinku har yanzu ana faɗin ta? Ina gaishe da kakata Hajiya Dije da ƙawayena na unguwar Kudai.