An Zane Malamin Zane a Limanti

Salamu alaikum, mai karanta mana wasiƙu a rediyo. Ni ce Hajara daga unguwar Limanti. 'Yata Falmata kurma ce, malamin zane kaɗai ya karɓe ta a ajinsa, tare da 'ya'yan kutare. Ran Talata wasu ƙarti suka faɗa ajin, suka zane shi da bulala, suka karya masa hannu, wai yana cakuɗa 'ya'yansu da musakai. Jini har kan allo!

Na tambayi Falmata da hannu, su wane ne? Ta ɗauki gawayi ta zana fuskar ɗayansu a bangon ɗakina, da giɓi da tabon goshi. Jama'a, yayana ne! Kullum nan yake cin tuwo. In goge bangon, ko in bari ya gani?