Mun Tsaya Girbi, Ɗaki Ya Wuce Mu

Assalamu alaikum Malam mai shirin rediyo, sannu da aiki. Ni ce Talatu daga Dayi. Ban yi boko ba, maƙwabciya ce ke rubuta abin da nake faɗa.

Maigidana ya samu aikin masaƙa a Kaduna. Tun da damina wani ɗan garinmu ya nuna masa ɗaki, ya ce, "Kama yanzu, kafin 'yan ci-rani su shigo." Maigida ya ce manomi ba ya barin dawa a tsaye. Sai da muka yi girbi muka taho, da goyona.

Wallahi Malam, duk gidan da muka yi sallama sai a ce, "Kun makara, sai ruwa ya sauka mutane sun koma gona."

Yanzu a zauren wani mai gawayi muke raɓe. Yarona tari yake, ko nono ba ya kamawa. Mai zauren ya ce mu tashi kafin Juma'a.

Jama'a, don Allah ku ba ni shawara: in koma gida da yaron, ko mu ci gaba da nema?

Ina gaida Inna. Inna, in kina ji, kar a zuba dawa a ɗakina tukuna.