Ganuwar Japanawa

A ɗakin jira na wani kamfanin dakon kaya a unguwar Liwan, can ƙasar waje, Ghali ya kafe talabijin da ido. Guguwa ta taso, kwantenarsa ta farko kuwa tana bisa ruwa.

"Teku ba ta da amana," ya ce.

Dattijon da ke gefensa, mutumin Gana, ya murmusa. "Ɗana, kar Bajapane ya ji ka. Teku ce gonarsu, ita ce ganuwarsu. Da Mangolawa suka kai musu yaƙi, guguwa ce ta farfasa jiragen Mangolawan."

"Baba, wannan ne lallashin? Ai ni yau a jirgin Mangolawan nake!"

Dattijon ya kurɓi shayinsa. "Ni ma na taɓa hawansa. Kwantena biyu teku ta cinye mini. Ga ni dai, na dawo layi."