Ku Yafe Mini Kwano na Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Tajuddeen. Wakilin uban ƙasa da masu unguwanni. Limamai da malamanmu. Likita Mahadi da abokan aikinsa da suka taso daga Gusau. 'Yan uwanmu na Tsafe da suka sha hanya. Iyayenmu mata da ke rumfar can. Jama'ar Bungudu, manya da yara: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro na kiwon lafiya, ina kuma godiya ta musamman ga wanda ya ce a ba ni, ni Labbo, damar yin jawabi. Na gane dabararsa. Likita ya yi bayanin cuta da baki, ni kuma an tsayar da ni domin a gan ta da ido. To, ku duba da kyau, ba na sauri.

Ga wanda bai san ni ba, aikina wakilci. In za a ɗaura aure daga nan zuwa Rawayya, daga Rawayya har Bilbis, ni ake nema in karɓa ko in bayar. Kun san al'adarmu, wakili ba ya tashi sai ya ci. A ci a gidan ango, a ci a gidan amarya, gwaggon amarya kuma ta aiko da nata kwanon don kada a ce ta gaza. Waina, shinkafa mai ninƙaya cikin mai, soyayyen nama, a kora da lemon kwalba. Ni kuwa mutum ne mai riƙon zumunci, ban taɓa ɓata wa kwano rai ba.

Bara a Rawayya aka shafa fatiha, kowa ya miƙe daga tabarma, ni kuwa kaina na juyawa, ƙafa ta ƙi ɗaukata. Kunya ta hana ni faɗa, sai na ɗaga hannu kamar zan ƙara addu'a. Bayin Allah suka koma suka zauna suna amin. Na yi wa ango, na yi wa amarya, na yi wa 'ya'yan da ba a haifa ba, na shiga damina da dabbobi, har addu'a ta ƙare mini ƙafa ba ta dawo ba. A ƙarshe ango da abokinsa suka cicciɓe ni. Shi ne ya kamata a raka gida ranar, sai ga shi yana raka wakili asibiti. Aka auna, aka ce hawan jini, aka ce ga ciwon suga na biye.

Abin da na koya tun daga nan ba shi da yawa, kuma babu na saye a ciki.

Na farko, tafiya. Masallacin unguwarmu ana jin tarin liman daga zaurena, amma da kabu-kabu nake zuwa. Yanzu da ƙafa nake zuwa, bayan asuba kuma in zarce bakin gona in dawo. Satin farko, duk wanda ya gan ni sai ya tsaya ya tambaya ko wani ya rasu.

Na biyu, gishiri da mai da zaƙi. Hajiya Hanatu, uwargidana, ta rage su a tukunya, ta dawo da zogale da rama da tuwon dawa, abincin da na girma da shi, na raina da na samu babbar riga. Shayina a da, cokali na iya tsayawa a ciki. Yanzu ina shan sa ina ɓata fuska, amma ina sha, ina shan ruwa, ina kwanciya da wuri.

Na uku, awo. Kada ka jira ƙafarka ta kunyata ka a gaban surukan mutane. Ka je a auna jininka kana lafiya, kuma maganin da aka ba ka, ka sha shi yadda aka ce, ba sai ranar da kai ya sara ba.

Na huɗu ya fi nauyi, kuma roƙo ne gare ku. Kwanan baya a Bilbis, aminina Alhaji Buba ya aje mini kwano, na ɗiba kaɗan na janye hannu. Ya dube ni ya ce, "Labbo, mi na yi maka? Ko abincin gidana ka raina?" Har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba, kuma abin yana ci mini rai. Yana nan zaune, ina ganin hularsa. Alhaji, ga amsar da na kasa ba ka ranar.

Ina da jika, Salma, ɗiyar ɗana Nura da Allah ya yi wa rasuwa. Ranar da aka sallamo ni ta zauna kusa da ni ta ce, "Kaka, ni sai na gama karatun jinya zan yi aure. Kuma ka ba da 'ya'yan kowa a garin nan, ni ba wanda zai ba da ni sai kai." Yanzu ta shiga makarantar. Na dubi shekarun da ke gabanta, na dubi cikina, wallahi tsoro ya kama ni. Kwana na Allah ne, na sani, amma jikin nan amana ne, kuma ba da bakin kowa ake cika shi ba sai nawa.

Saboda haka, jama'a, in baƙo ya ce ya ƙoshi, ku yarda ya ƙoshi. In dattijo ya ture lemo ya nemi ruwa, ku ba shi ruwa, kada ku ba shi laifi. Ku girmama mu da gaisuwa, ku girmama mu da tabarma mai kyau, amma ku yafe mana kwano na biyu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya saka wa likitocinmu da alheri, ya mai da kowa gida lafiya. Ni kuma ku sa ni a addu'a: Allah ya nuna mini ranar da zan zauna a tabarma in ce na ba da Salma, a shafa fatiha, in miƙe da ƙafata. Alhaji Buba, ranar zan ci naka, zan kuma cinye.

Na gode.