Jarkar da Ta Ɓata wa Maigida Hoto

A ɗakin jiran wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a birnin Panyu, can ƙasar waje, zama ya ishi Salihu, sai ya biye wa baƙon da ke gefensa.

"Jirgi ka zo saya, Alhaji?" in ji baƙon.

"Na biyu. Na farkon da maigidana ke shaƙatawa a ciki ya shekara tara a ƙasan tafkin Gwarmai. Dutse ya hau."

"Na san dutsen. Ai masunta kan ɗaura jarka a kansa don a kauce."

"Sun ɗaura. Maigida ya ce jarkar tana ɓata masa hoto, aka cire."

"Mu kuwa cewa aka yi matuƙin ne ya yi barci."

"Dole a kori wani, ɗan'uwa, kuma ba a korar maigida."

"Wa ya cire ta?"

"Wa zai tuna? Igiyar dai taurin tsiya gare ta, sai da na ari wuƙa."

Baƙon ya daɗe yana kallon hannun Salihu.

"Matuƙin yayana ne. Har yau ko kwalekwale ba a yarda a ba shi."

Nan aka kira Salihu ofis, ya miƙe da saurin da bai san yana da shi ba.

"Bi a hankali, Alhaji," in ji baƙon. "Na ga tikitinka. Jirgin sama ɗaya zai kai mu Kano."