Dangin Lukman a Ɗakin Fitilu

A tashar Gummi na ji wasu mata biyu da ba su san juna ba suna hira.

"Kin shiga ɗakin fitilun da yaron nan Lukman ya haɗa don kallo?"

"Na shiga, Hajiya. Ɗiyata yake nema, kuma ba zan ba shi ba. Na yi sallama cikin duhu-duhu, ga danginsa tsofaffi cike da ɗaki, kowace ta ɗaure fuska, ba wadda ta amsa."

"Baiwar Allah, madubai ya jera. Ke kaɗai kika cika ɗakin."

Uwar yarinyar ta shafa fuskarta.

"Wannan fuskar nake yi masa in ya zo gaisuwa?"

"Haka yake faɗa mini. Ni na haife shi."

"To, ya zo ranar Jumma'a. Zan gwada wata."